Tebur Mai Gajeriyar Ƙafa

Masu cika min akwatin saƙo da tambayar "wai kina son shi ko ba kya son shi", ku huta. Ina son shi. Na faɗa tun a layin farko don kada wani ya karanta abin da ke ƙasa ya ce ƙiyayya ce ta sa ni.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: shekarata ashirin da tara, aikina duba sikeli. Ofishinmu ne ke bin kasuwanni da shagunan gwal, mu ɗora nauyin da muka sani a kan ma'aunin mutum, mu ji abin da zai ce. In ya faɗi gaskiya mu manna masa hatimi. In ya yi ƙarya mu ɗaure ma'aunin da waya mu tafi da shi. A gida Baba Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa na ci. Mama kuwa in na ɓata mata rai sai ta ce "Malama Sikeli".

Mai nemana kowa Koci yake kiransa. Ya yi shekara bakwai a wata ƙasa mai nisa yana koyon wasan kare kai. Ya dawo da faffaɗar kafaɗa, da magana ƙasa-ƙasa, da wani abu da yake kira chi. A faɗarsa wani ƙarfi ne da ke zagaya jikin kowa kamar jini, sai dai ba a ganinsa. Wanda ya horu, in ji shi, zai iya tara shi a tafin hannu, ya ji na wani, ya kuma tura nasa ba tare da ya taɓa mutum ba.

Na taɓa ganin abin da idona. Ɗakin horonsa a saman wani shagon tayil yake, dogon ɗaki mai shuɗiyar katifar roba da madubi a bango ɗaya. Ɗalibai goma sha biyu cikin fararen kaya suka jeru, babu mai tari. Koci ya tsaya nesa da su kamar taku biyar, ya ja numfashi, ya tura iska da hannu biyu a hankali kamar mai rufe ƙofa mai nauyi. Suka zube. Ba ihu, ba ƙara, sai sautin jiki a kan roba, ɗaya bayan ɗaya. Tsigar jikina ta tashi, ba zan ɓoye muku ba.

Amma idon aiki ba ya barin mutum. Na lura na gaba ne suka fara faɗuwa, na baya suka bi su da kusan daƙiƙa ɗaya. Na kuma lura da wani sabon ɗalibi mai tumbi da ya sunkuya yana gyara ɗamararsa. Shi bai faɗi ba. Sai da ya ɗago ya ga kowa a ƙasa, ya waiga hagu da dama, sannan ya zauna a hankali kamar wanda ya makara a taro.

Na gaya wa Koci a mota. Ya yi murmushi.

"Bai buɗe ba tukuna."

"Me zai buɗe? Shi gwangwani ne?"

Ya yi dariya har ya buga sitiyari. Abin da ke kashe ni da shi ke nan, ba ya fushi.

Da a nan abin ya tsaya, da tuni na ba shi amsa. Sai ya shigo gidanmu.

Baba yana da hawan jini, zuciyarsa kuma ta taɓa yi masa gargaɗi shekara biyu da suka wuce. Ƙwaya uku yake sha kullum. Ni nake zuba masa su duk Lahadi a wani akwatin roba mai gida bakwai, kowane gida da sunan rana. Wata Alhamis na ɗauki akwatin zan goge teburin gefen gadonsa, na ji ya yi kacau-kacau fiye da yadda ya kamata. Hannuna ya san nauyin abu kafin idona ya gani. Na buɗe. Litinin cike. Talata cike. Laraba cike.

Na same shi a falo. Ƙarfe huɗu saura minti biyu, yana kan kujerarsa mai hannun katako, ya juya ta tana kallon taga. Ya cire agogo da hula ya ajiye a ƙasa, tafukansa biyu a buɗe kan gwiwa. Mama ta kashe talabijin, ta kashe fanka, tana tafiya da sanɗa.

"Baba, maganinka."

Mama ta kama gefen mayafina ta ja ni baya. "Shhh. Yanzu zai aiko."

"Wa zai aiko me?"

"Koci mana. Kullum ƙarfe huɗu yake turo wa Babanku chi ɗin nan daga can wurin aikinsa. Ke ba kya gida ne."

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon mahaifina, mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙa jirgin ƙasa, wanda bai taɓa yarda da agogon kowa ba sai nasa. Agogon bango ya buga huɗu. Kafaɗunsa suka sauka. Yatsunsa suka fara motsi kaɗan-kaɗan, kamar ana zuba masa wani abu a tafi. Labulen bai motsa ba. Ni kaina sai da na ji wani ɗumi a bayan wuyana, na kuma ji haushin kaina.

Bayan minti goma ya buɗe ido. "Uwata, kin ga? Kamar an zuba min ruwan ɗumi a ƙirji. Waɗancan ƙwayoyin jiri kawai suke sa ni."

A tsakar gida na tura wa Koci saƙo.

"Kai ka ce wa Baba ya daina shan magani?"

Amsa ta zo nan take. "Wallahi ban ce ba. Cewa na yi jikinsa zai gaya masa abin da yake buƙata."

"Jikinsa ba likita ba ne."

"Ki zo mu yi magana, ranki ya daɗe."

"Ba na son ranki ya daɗe. Na Baba nake so ya daɗe."

Ya fara rubutu, ya goge, ya sake farawa, ya goge.

Da yamma aka yi zaman da kuka san irinsa. Mama a kan dadduma tana ninke wanki, tana magana da tawul maimakon ni. Wata biyar mutum yana zarya. Ƙannena biyu sun yi aure sun bar ni. Ba shaye-shaye, ba yawon banza, yana gaishe ta har ƙasa, me kuma nake nema, sai an kawo min shi da hatimi a goshi? Na ce ba a kan aure muke magana ba, a kan ƙwaya uku muke magana. Ta ce duk ɗaya ne, ni dai ban iya yarda da mutum ba.

Baba ne ya raba mu. Ya nuna ni da carbinsa.

"Ke ba aikinki gwaji ba ne? Ki gwada shi. In ya faɗi, a gabanki zan sha. In ya ci, ki ƙyale ni da maganata, ki kuma ba yaron nan amsarsa."

Na ce na yarda. Koci ma ya yarda, har da cewa ya daɗe yana son wani ya gwada shi da gaske. Ku riƙe wannan. Maƙaryaci ba ya murna in ya ga akwatin nauyina.

Ga yadda na tsara. Na samo kwalin firji, na yanke shi ya zama allo mai tsayi, na huda ramuka biyu a ƙasa. Za a kafa shi a tsakiyar tebur. Koci zai zauna a wancan gefen ya zuro hannayensa ta ramukan, tafi a sama, a rufe wuyan hannun da tawul don kada ya leƙo. Ni a wannan gefen zan jefa kwabo. In fuskar mai hoton kai ta fito, in ɗora hannuna a iska saman hannunsa na dama, tazarar kamu ɗaya. In ɗaya fuskar ce, na hagu. Shi kuma ya faɗi inda nake. Sau ashirin. Mai canka kawai zai samu wajen goma. Wanda ke jin chi na mutane daga taku biyar bai kamata ya kuskure ko ɗaya ba.

Ranar Asabar da hantsi muka yi, a kan teburin cin abincinmu. Na sa doguwar riga mara ado mai matsattsen hannu, na cire awarwaro da zobe, ban shafa turare ba, ko man shafawa ban taɓa ba. Koci ya zo cikin farar riga mai gajeren hannu, ya cire takalmi a ƙofa, ya durƙusa ya gaida su Baba. Mama ta riƙe takarda da biro, ita ce mai rubuta sakamako.

Na jefa. Na miƙa hannu.

"Dama," in ji muryar da ke bayan kwali.

Dama ce.

"Hagu."

Hagu ce.

Ba ya gaggawa. Sai ya yi shiru kamar daƙiƙa uku, yatsunsa su ɗan lanƙwashe, sannan ya faɗa. Daga inda nake ba na ganin komai nasa sai hannaye biyu da suka fito daga kwali, kwance a kan tebur kamar ba na kowa ba. A karo na bakwai na gyara zama. A na goma sha biyu na ji tafina yana zafi, zafi na gaske, kamar na kusantar da shi ga murhu. Na duba kwalin ko akwai huda. Babu. Na duba bango ko akwai madubi ko inuwa. Babu.

Sha takwas cikin ashirin.

Na yi lissafin a waya a banɗaki. Mai canka zai yi irin wannan dace sau ɗaya ne cikin kusan dubu biyar.

Da na fito Mama har ta fara kiran 'yan'uwanta. Baba ya miƙe da kansa, ya ɗauki akwatin maganin, ya ɗora shi can saman kabad inda ake ajiye abin da aka gama da shi. Koci bai yi murna a fili ba. Ya tsaya kusa da ni a bakin ƙofa yana sa takalmi, ya ce a hankali, "Ban matsa miki ba. Amma kin gani."

Na ce ya ba ni zuwa Juma'a.

Lahadi ban zuba magani ba, karo na farko cikin shekara biyu. Na yi ta kai-kawo a gidan kamar baƙuwa. Wani ɓangare na zuciyata, in faɗa muku gaskiya, daɗi yake ji. In abin gaskiya ne, to Baba yana hannu mai kyau, ni kuma an sauke min nauyin cewa a'a ga mutumin da nake so.

Litinin da safe ina shan shayi a tsaye, na makara. Na ajiye kofin gilashin a kan teburin nan, na jingina gwiwar hannuna a gefen dama zan ɗaura igiyar takalmi. Shayin ya karkata.

Na ɗaga hannu. Ya dawo daidai.

Na jingina a gefen hagu. Ya karkata ɗaya wajen, aka ji wani ɗan "ƙwas" a ƙasa wanda sai mai nema zai ji.

Na durƙusa. Ƙafa ɗaya ta teburin ba ta kai ƙasa ba. Tazarar ba ta wuce kaurin kwabo ba. Da akwai wata 'yar takarda a ninke da ke tokare ta shekara da shekaru, ranar Asabar da Mama ta ja teburin tsakiyar falo don kowa ya gani, takardar ta zauna a inda take.

Na daɗe a durƙushe a wurin. A ofishinmu abin da ake fara koya wa sabon ma'aikaci, kafin a bar shi ya taɓa nauyi ko ɗaya, shi ne ya duba ko teburin a daidaice yake. Na kori 'yan kasuwa da yawa a kan wannan. Abu na biyu da ake koya mana, in za ka riƙe hannu a iska ba rawa, ka kafa gwiwar hannu a tebur. Shi na yi ranar Asabar, sau ashirin, ba tare da na sani ba. In na miƙa dama, tebur ya sauka dama. Hannayensa kuwa a kwance suke a kai. Mutumin da ya yi shekara bakwai yana koyon jin inda abokin karawa ya karkata nauyinsa, me zai hana fatarsa ta ji? Ba sai ma ya san ya ji ba.

Na gaya wa Baba. Ko kallon teburin bai yi ba.

"Uwata, an gama wasa kin ce a sake."

Mama ta ce, "Da shi ya faɗi, da kin duba ƙafar tebur?"

Wannan tambayar ta same ni, don amsarta a'a ce.

Na rubuta wa Koci: "Na yi kuskure a gwajin. Teburin yana rawa. Ina so mu sake, a ofishinmu."

Minti arba'in bai amsa ba. Sannan: "In na sake ci fa?"

"Ka turo manyanka."

"In na faɗi?"

"Ka gaya wa Baba da bakinka."

"Gobe. Ƙarfe uku da rabi."

Ɗakin awonmu a hawa na biyu yake, can ƙarshen baranda. Ba taga, ba fanka. A tsakiya akwai teburin dutse baƙi da aka gina shi tun daga ƙasa, ko mota ta wuce ba ya girgiza. A jikin bango nauye-nauyen tagulla ne jere a cikin gilashi, daga mai kilo ashirin har zuwa wanda sai da hantsaki ake ɗauka. Ba a taɓa su da hannu tsirara, don gumin yatsa yana ƙara musu nauyi. Ba a kuma shiga da waya. Muka ajiye namu a akwatin bakin ƙofa, tasa a kan tawa.

Koci ya tsaya yana kallon gilashin. "Nan kamar maƙabarta."

"Nan ne kawai ba a yi min ƙarya."

Ina cikin rigar aiki ruwan toka. Na kafa kwalin, ya zura hannu, na rufe da tawul. Wannan karon tun da safe na jefa kwabon na rubuta jerin a takarda. Na tsaya taku ɗaya daga teburin, babu abin da ya taɓa dutsen sai shi.

Na miƙa hannu saman damansa.

Shiru. Daƙiƙa biyar. Goma.

"Hagu."

Na rubuta. Ban ce komai ba, haka muka yi sharaɗi.

Muryarsa ba ta canza ba har ƙarshe, da tabbaci yake faɗa kamar ranar Asabar. Na juya masa takardar ta saman kwalin. Tara cikin ashirin.

"A sake," ya ce.

Sha ɗaya.

"Ɗakin nan yana da sanyi. A sake."

Takwas.

Bai zare hannayensa ba. Ina kallonsu a kan baƙin dutsen, tafi a sama, kamar na Baba a gaban taga. Daga bayan kwalin ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Amma ina ji. Wallahi ina jin zafin. Yanzu ma ina ji a dama."

Hannayena biyu suna cikin aljihu. Ban gaya masa ba. Na zagaya na cire tawul ɗin, ya gani da kansa.

Ya daɗe yana kallon aljihun rigata. "To su ɗalibaina? Me yake kayar da su?"

"Kai suke kallo. Kuma suna son ka."

Muka fito baranda. Na ɗauki wayata, ƙarfe huɗu da minti ashirin da shida. Saƙon murya ɗaya daga Baba, an turo shi huɗu da minti tara. Na danna, na sa a lasifika don na ɗauka gaisuwa ce.

"Uwata, ki gaya wa ɗan nawa yau abin ya iso da ƙarfi. Bai taɓa yin haka ba. Ya danne min ƙirji sosai, ya sauko ta hannun hagu har cikin muƙamuƙi. Ki ce masa... ki ce ya ɗan rage."

Yana magana yana tsayawa, kamar mai hawa bene.

Na ɗago. Fuskar Koci ta yi fari fat. Ya kalli hannayensa, har yanzu da shatin kwali a wuyansu.

"Ban aika ba," ya ce. "Tun uku da rabi ina ciki. Na manta da shi gaba ɗaya."

Na kira Baba, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na kira Mama. Ta ɗauka da raɗa.

"Ke, kada ki dame shi, bai gama karɓa ba. Gumi kawai yake yi, rigar duk ta jiƙe. Ya ce na yau ya fi na kullum."

"Mama, ki saurare ni. Zuciyarsa ce. Ki buga wa maƙwabcinmu ƙofa ya fito da mota, ku tafi asibiti yanzu, mu haɗu a can."

"Kin fara ko? Malama Sikeli, mutum yana samun sauƙi..."

Daga nesa na ji muryar Baba, siririya. "Ki ce mata ba inda za ni. A bar yaro ya gama aikinsa."

Muna gudu a kan matakala a lokacin. Koci ya tsaya cak a tsakiya, ya miƙo hannu, na sa masa wayar. Ya kai ta kunne.

"Mama, ki sa masa a kunne. Baba? Ni ne. Baba, ban aiko komai ba yau. Ban jin na taɓa aiko komai. An gwada ni, na faɗi, sau uku. Don girman Allah ka tashi ka shiga mota."

Ina jin agogon bangon falonmu ta cikin wayar, da ƙarar ƙofa, da takun Mama tana gudu ba takalmi tana kiran maƙwabci. Sai numfashin Baba, gajere-gajere, dab da lasifika.

"To ɗana," ya ce a hankali, "in ba kai ba ne, wane ne wannan da ke zaune a ƙirjina?"